Dr. Dre: kunnensa ne ya yi masa arziki ko hedifon?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Yaya. Shekara uku ke nan ina haɗa kiɗan gambarar zamani da kwamfuta a ɗakina. Mawaƙa na zuwa su ba ni abin da ya sawwaƙa, su ɗauki kiɗansu su tafi. Wani abokina kullum yana ce mini in daina wahalar da kaina, wai ko Dr. Dre da duniya ta sani hedifon ne ya yi masa kuɗi, kiɗa bai tsinana masa komai ba. Don Allah wane ne wannan mutumin, yaya aka yi ya kai inda ya kai, kuma da gaske ne in ana son arziki sai an bar situdiyo an kama kasuwanci?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya biyu ka dunƙule wuri ɗaya. Kana son tarihin mutumin, a ƙarƙashin wannan kuma kana tambayata ko shekara ukun da ka yi a gaban kwamfuta sun tafi a banza. Zan bi ta farkon a tsanake, domin amsar ta biyun tana cikinta. Na haura shekara goma sha biyar ina zaune a bayan na'urar haɗa sauti, kuma ayyukan wannan mutumin suna cikin waɗanda na fi saurara da kunnen sana'a, ina mayarwa ina sake mayarwa don in gano inda ya ajiye ganga da inda ya ajiye murya. Abokinka bai yi ƙarya ba a lissafi. Kuɗi mafi tsoka da Dre ya taɓa karɓa a dunƙule daga cinikin kamfanin hedifon suka fito, a 2014. Sai dai ya tsallake shekara talatin da suka gabaci wannan cinikin, kuma a cikinsu ne aka gina abin da aka sayar.

Daga Compton zuwa ɗakin naɗa

Sunansa na yanka Andre Young. An haife shi ranar 18 ga Fabrairu, 1965, a Compton, wani gari da ke gefen Los Anjelis a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda a shekarun 1980 ya yi ƙaurin suna da rashin aikin yi, hodar ibilis, faɗan daba da tsamin dangantaka tsakanin matasa baƙaƙe da 'yan sanda. Mahaifiyarsa tana da tarin faifai a gida, kuma tun yana ƙarami shi ne mai sauya faifai idan aka yi taro. Karatun boko bai yi masa daɗi ba. Ya fara aikin DJ a wani gidan rawa mai suna Eve After Dark, ya shiga ƙungiyar World Class Wreckin' Cru, yana haɗa wa gidan rediyon KDAY kiɗa, yana kuma yin kaset na gauraye da ake sayarwa a kasuwar gwanjo. Laƙabin "Dokta" ya aro shi ne daga gwanin ƙwallon kwando Julius Erving da ake kira Dr. J.

Kada ka raina wannan matakin na DJ. Wanda ya tsaya dare bayan dare yana kallon jama'a, ya ga kiɗan da ke tayar da su da wanda ke mayar da su kan kujera, yana koyon abin da manhaja ba ta koyarwa. Na lura da haka a wajenmu ma. Yaran da suka fara da kunna sauti a gidajen biki sun fi saurin gane inda waƙa ta yi sanyi a kan waɗanda suka fara daga ɗaki su kaɗai.

A 1987 wani matashin Compton mai suna Eric Wright, wato Eazy-E, ya kafa kamfanin Ruthless Records tare da manaja Jerry Heller. A nan aka haɗa ƙungiyar N.W.A, wadda ta ƙunshi Eazy-E, Ice Cube, MC Ren, DJ Yella da Dre. Kundinsu Straight Outta Compton ya sayu fiye da miliyan ba tare da gidajen rediyo sun rungume shi ba, kuma waƙarsu a kan 'yan sanda ta sa wani jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ya rubuta wa kamfanin wasiƙar ƙorafi a 1989. Dre da Yella ne suka haɗa kiɗan. Kafin shekarar ta ƙare Ice Cube, wanda ya rubuta kaso mai yawa na baitocin, ya fice saboda rigimar kuɗi. A 1991 Dre ma ya bi sahunsa, a kan dalili iri ɗaya.

Sautin da ya sa aka san kunnensa

A nan zan daɗe, domin nan ne sana'armu take.

Kafin 1992, yawancin kiɗan hip-hop, wato gambarar zamani, ana gina shi ne da tsakure. A ɗauko tsohon faifai, a yanko daƙiƙa biyu ko huɗu na ganga ko na bes (kayan kiɗan da ke ba da sauti mai kauri na ƙasa), a zuba a na'ura tana maimaitawa, a ɗora wani tsakuren a kai, har kiɗan ya cika da ƙura da hayaniya. Yana da daɗinsa, musamman salon New York. Amma a Disambar 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a shari'ar da aka yi da mawaƙi Biz Markie, cewa ɗaukar tsakure ba da izini ba keta haƙƙi ne. Daga ranar, kowane tsakure ya zama abin biya, kuma mutum biyu ake biya: wanda ya ƙagi waƙar, da kamfanin da ya mallaki faifan da aka yanko.

Dre ya bi wata hanya. Yakan saurari tsohon kiɗan fonk, musamman na George Clinton da ƙungiyoyinsa Parliament da Funkadelic, sai ya kira masu kaɗa bes da jita da piyano su sake kaɗa wannan karin da hannunsu a situdiyo. Riba biyu ke cikin haka. Ta kuɗi, wanda ya ƙagi karin kaɗai za ka biya, tunda ba ka taɓa faifan kowa ba. Ta sauti kuwa ta fi girma. Tsakure yana zuwa da duk abin da ke cikinsa a cakuɗe, ba ka iya ɗaga bes ka bar jita. Wanda aka kaɗa maka sabo kuma kowane kaya yana kan layinsa, kana iya rage wannan, ka ƙara wancan, ka sauya sauri, ka ɗaga sautin ko ka sauke shi. Abin da ya fito shi ne kiɗa mai tafiyar ƙasaita, ba gaggawa, da bes mai kauri a ƙasa, da wata siririyar murya ta na'urar Moog tana shawagi a sama kamar sarewa, sannan fili a tsakiya inda mawaƙi zai zauna. Aka kira shi G-funk. Los Anjelis garin mota ne, mutum yana shafe sa'o'i a kan titi, kuma kiɗan ya dace da sifikar mota kamar an auna.

Kundin The Chronic ya fito a Disambar 1992 a kamfanin Death Row Records, wanda Dre ya kafa da Suge Knight. Ya sayar da fiye da miliyan 3 a Amurka, ya kuma kawo masa kyautar Grammy ta farko a 1994. A cikinsa ne duniya ta ji muryar wani dogon yaro daga Long Beach, Snoop Dogg, wanda Warren G, ɗan mijin mahaifiyar Dre, ya kawo kasetinsa. Da kundin Snoop na farko ya fito a Nuwamban 1993, Dre ne ya haɗa shi, kuma ya sayar da fiye da 800,000 a makon farko.

Abin da na fi koya daga sauraron aikinsa shi ne cirewa. Ka ɗauki kundinsa na 1999 mai suna 2001, ka sa hedifon mai kyau, ka ƙirga kayan kiɗan da ke tafiya a lokaci ɗaya. Sau da yawa ba su wuce huɗu ko biyar ba. Babbar ganga tana da wurinta, ƙaramar tana da kaifinta, bes ba ya hawa kan ganga, 'yan maɓallan piyano kaɗan suna maimaita kansu, kuma kowace kalma ta mawaƙi tana fita tas. Idan yaro ya kawo mini aikinsa a situdiyo, yawanci nakan tarar da layi talatin ko fiye, kowanne yana ƙoƙarin a ji shi. Abin da nake fara yi shi ne in kashe su duka, in bar ganga da bes da murya, in ce ya saurara. Idan waƙar ta tsaya da ƙafarta a haka, sai mu dawo da sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya nuna aikin da yake yi kafin ya zauna. Galibi rabi ba sa dawowa, kuma waƙar takan fi ƙarfi.

Akwai wata magana da za ka ci karo da ita, gara ka ji ta daga gare ni. Wasu da suka yi aiki da shi sun yi ƙorafin cewa su suka fara ƙaga wasu kiɗe-kiɗen da sunansa ya hau. Mutanen ƙungiyar Above the Law, waɗanda suka zauna da shi a Ruthless, suna cewa su suka fara salon G-funk. Sanannen abu ne kuma cewa Scott Storch ne ya kaɗa piyanon da ya fi shahara a kundin 2001, Mike Elizondo ya kaɗa bes, Mel-Man ya taya haɗawa, kuma baitocin da Dre yake rerawa da bakinsa wasu ne ke rubuta masa, irin su The D.O.C., Jay-Z da Eminem. Ina ganin ƙorafin yana da tushe a inda aka tauye wa mutum suna ko kaso, kuma wannan laifi ne ko wa ya yi shi. Amma maganar tana nuna maka bambancin mai haɗa bit da furodusa. Mai haɗa bit yana miƙa kiɗa ya karɓi kuɗinsa. Furodusa yana zaɓen wanda zai kaɗa, yana zaɓen karin da za a ajiye cikin goma da aka gwada, yana zaunar da mawaƙi ya maimaita baiti ɗaya har sai numfashi da lafazi sun zauna daidai, sannan ya zauna a kan teburin miksin, inda ake daidaita sautukan, da kansa har waƙar ta gama. Mawaƙa da dama sun ba da labarin yadda Dre ke sa su maimaita layi guda sau da yawa har su gaji. A yadda ka kwatanta aikinka, a matakin farko kake yanzu, kuma kuɗin wannan sana'a da sunanta suna mataki na biyu.

Sau biyu yana fita ya bar gumin goshinsa

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka rayuwar Dre ta kasance a shekaru goma na farko na sana'arsa.

Waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai haƙƙin ƙagawa, wato baiti da kari, na wanda ya rubuta da wanda ya tsara kiɗan. Akwai kuma haƙƙin uwar faifai, wato ainihin sautin da aka naɗa, wanda yawanci ke hannun wanda ya biya kuɗin aikin. A tsarin Amurka furodusa yakan karɓi kuɗin hannu, sannan a yanka masa kaso na ciniki, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Babban rabo yana wajen mai uwar faifai, kuma yana ci gaba da shigowa shekara da shekaru.

A Ruthless, Dre ne ke haɗa kusan duk abin da ke sayuwa, amma kamfanin na Eazy-E ne. Ko fitarsa ba ta zo da sauƙi ba. Eazy-E ya shigar da ƙara yana cewa da barazana Suge Knight ya sa shi ya sa hannu a takardar sakin Dre, kuma a sulhun da aka yi kafin a saki The Chronic, Ruthless ta ci gaba da samun kaso daga aikin Dre. Wato yana zagin tsohon abokinsa Eazy-E a waƙa, abokin yana karɓar kuɗi daga wannan waƙar.

A Death Row yana da rabin kamfani, amma gidan ya cika da 'yan daba da duka da tsoro. A farkon 1996, bayan ya haɗa wa Tupac Shakur waƙar da ta dawo da shi kasuwa bayan fitowarsa daga kurkuku, Dre ya tattara ya fita, ya bar rabonsa da uwayen faifansa a can. Mutane da yawa sun ga wauta ce. A Satumbar wannan shekarar aka harbe Tupac a Las Vegas yana cikin motar da Suge Knight ke tuƙawa, Knight ya tafi gidan yari, kamfanin ya durƙushe a 2006. Dre ya tsira da ransa da kunnensa, amma ya shafe shekaru yana shari'a da waɗanda suka gaji kamfanin a kan yadda ake sayar da kundinsa na farko a intanet.

Da ya kafa Aftermath Entertainment a 1996, a ƙarƙashin kamfanin faifai na Interscope da Jimmy Iovine ke jagoranta, ya shiga a matsayin mai kamfani. Farkon bai yi armashi ba. Kundin haɗaka na 1996 da na ƙungiyar The Firm a 1997 ba su kai inda aka zata ba, har aka fara cewa zamaninsa ya wuce. Sai Iovine ya kunna masa kasetin wani farin yaro daga Detroit da ya zo na biyu a wata gasar gambara a Los Anjelis. Akwai waɗanda suka ba shi shawarar kada ya ɗora sunansa a kan farar fata a waƙar baƙaƙe. Ya bi kunnensa, ya ɗauki Eminem a 1998. Kundin Eminem na 2000 ya sayar da miliyan 1.76 a makonsa na farko. A 2002 shi da Eminem suka ɗauki 50 Cent, a 2012 kuma Kendrick Lamar, shi ma ɗan Compton, ya fitar da babban kundinsa na farko ta hannun Aftermath. Snoop, Eminem, 50 Cent, Kendrick: shekara ashirin tsakanin na farko da na ƙarshe, kuma kowannensu ya riƙe zamaninsa. Dace yakan zo sau ɗaya. Wanda ya maimaita haka sau huɗu ya iya jin murya tun kafin kasuwa ta ji ta.

Yadda hedifon ya shigo

Daga 1999, Napster, manhajar musayar waƙa a intanet, da sauke waƙa kyauta suka fara cinye cinikin faifai, har Dre ya maka Napster a kotu a 2000. Sai iPod, 'yar na'urar sauraron waƙa ta kamfanin Apple, ya zo a 2001 da 'yan fararen abin kunnensa marasa ƙarfi. Ka yi tunanin mutumin da ke kwana yana daidaita bes, sannan ya ga miliyoyin mutane suna sauraron aikinsa ta abin da ba ya fitar da bes ɗin ko kaɗan. Iovine ya sha ba da labarin cewa Dre ya gaya masa lauyansa na so ya sa sunansa a kan takalma, shi kuma ya ce masa su bar takalma su yi sifika. Suka kafa Beats a 2006. Hedifon na farko ya fito a 2008 a kan kusan dala 350, a lokacin da matashi bai saba kashe ko kashi ɗaya cikin goma na wannan a kan abin kunne ba.

Me ya sa aka saya? Masana sauti da yawa sun ce bes ɗinsa ya yi yawa, kuma akwai waɗanda suka fi shi inganci a ƙasa da kuɗinsa. Ni ma ba na yin miksin da irinsa, domin yana ƙawata sauti, ni kuwa a wajen aiki abin da zai gaya mini gaskiya nake so. Amma mai saye yana ganin sunan mutumin da ya shekara ashirin yana ba shi sauti mai tsabta, sai ya yarda cewa haka ake jin waƙa a situdiyo. Da takalmi ne, sunan Dre ba shi da abin cewa a kansa. Iovine kuma yana riƙe da Interscope, don haka hedifon ya riƙa bayyana a bidiyon manyan mawaƙa ɗaya bayan ɗaya. Gwanin ƙwallon kwando LeBron James ya raba wa 'yan ƙwallon kwandon Amurka, aka gan su da shi a wuya lokacin gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Abin saurare ya koma abin ado.

Sai ka duba takarda. Kamfanin Monster ne ya yi aikin injiniya, ya ƙera, ya rarraba a shekarun farko, amma sunan da mallakar kayan suna hannun Beats. A 2011 kamfanin waya na HTC ya sayi fiye da rabin Beats da kimanin dala miliyan 300, haɗin gwiwa da Monster ya ƙare a 2012, sannan Dre da Iovine suka sake sayen rabonsu daga HTC kafin ƙarshen 2013. Suka buɗe manhajar sauraron waƙa ta Beats Music a Janairun 2014, a watan Mayu kuma Apple ya sanar da sayen kamfanin gaba ɗaya a kan dala biliyan 3. Monster ya kai ƙara a 2015 yana cewa an yi masa wayo, kotu ta yi watsi da ƙarar a 2016. Mutumin da takarda ta ci sau biyu, a karo na uku shi ne a gefen da takarda ta kare. Mujallar Forbes ta ƙiyasta abin da ya samu a wannan shekarar a kan dala miliyan 620 kafin haraji. Daga cikin abin da ya yi da dukiya, shi da Iovine sun ba Jami'ar Kudancin Kalifoniya dala miliyan 70 a 2013 don kafa makarantar fasaha da kasuwanci, ya kuma yi alkawarin dala miliyan 10 a 2017 don gina zauren wasanni a babbar sakandaren Compton.

Abin da ba zan rufe maka ba

Tunda ƙanena ne kai, ba zan miƙa maka mutum a matsayin abin koyi in ɓoye tabonsa ba. A Janairun 1991 Dre ya lakaɗa wa Dee Barnes, wata mai gabatar da shirin talabijin, duka a bainar jama'a. Bai musa tuhumar a kotu ba, aka ci shi tara, aka sa shi aikin al'umma da zaman sa-ido na shekara biyu. Mawaƙiya Michel'le, wadda ta haifa masa ɗa, ta bayyana cewa ya sha dukanta. Sai a 2015, da fim ɗin tarihin N.W.A ya fito bai ambaci wannan ba, mutane suka yi ca, ya fito ya nemi gafarar matan da ya cutar. Yawancin waƙoƙin da suka yi masa suna kuma cike suke da zagin mata da kambama bindiga da shan wiwi. Ina sauraron yadda ya jera ganga, ba na yarda da abin da ake faɗa a kanta, kuma akwai baitocin da na ƙi naɗa wa mawaƙa a situdiyona ko da sun zo da kuɗi a hannu. Shi ma rayuwa ba ta bar shi ba: ƙaninsa ya rasu a wani faɗa a 1989, ɗansa ya rasu a 2008 yana da shekara 20 sanadin ƙwaya, shi kansa jijiyar jini ta kumbura masa a ƙwaƙwalwa a Janairun 2021 har ya kwanta asibiti.

Kai da ɗakinka

Kwatancen yana da iyaka, kuma dole in faɗa. Dre ya yi tashensa a ƙasar da ake sayen faifai miliyoyi a kan kuɗi mai kauri, ake ƙirga kowane ɗaya, kotu kuma tana tilasta yarjejeniya. A wajenmu waƙa takan yaɗu ta hannun masu tura waƙa a waya da WhatsApp da TikTok, kuɗin mawaƙi kuma yana zuwa ne daga biki, taro, talla da waƙar siyasa fiye da Audiomack ko Boomplay ko YouTube. Ni mai haɗa sauti ne, ba lauya ba, kuma abin da zan gaya maka daga zaman situdiyo na samo shi.

Na taɓa haɗa wa wani mawaƙi kiɗa a farkon fitowata, ya ba ni kuɗin da bai wuce na cefanen kwana uku ba, muka yi musabaha. Waƙar ta karɓu, aka yi shekara ana rawarta a gidajen biki, daga baya aka ɗora wa kiɗan wasu baitoci aka sayar wa wani mai neman kujera da kuɗi masu yawa. Sunana bai fito ko'ina ba, kuma ba ni da abin nunawa, domin a baki muka yi. Ban riƙe shi a zuciya ba, amma tun daga ranar ba a fita da kiɗa daga wajena sai an rubuta abu uku a takarda ɗaya: an sayar ne gaba ɗaya ko haya aka bayar, kashi nawa ne nawa idan waƙar ta kawo kuɗi, da yadda za a rubuta sunana. Mutum biyu su shaida, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Wasu mawaƙan sun ji haushi da farko, suna ganin rashin yarda ne. Waɗanda suka daɗe da ni yanzu su suke fara tambayar takardar, domin su ma tana kare su daga in sayar wa wani kiɗan da suka biya. Idan a Najeriya kake, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da hukumar da ke kula da ita, kuma ranar da aka kawo maka yarjejeniya mai shafi da yawa, ka biya lauya ya karanta kafin ka sa hannu.

Game da barin situdiyo, shawarata kada ka bari, amma ka daina zama mai miƙa bit kawai. Cikin mawaƙan da ke zuwa ɗakinka, ka zaɓi ɗaya ko biyu da kunnenka ya gaya maka suna da abu, ko da ba su da ko sisi, ka zauna da su wata da watanni, ka gyara musu numfashi da lafazi, ku yi waƙa biyar masu kyau a kan kaso rubutacce. Idan kana bukatar abin da zai riƙe ka kafin nan, ka nemi kasuwancin da ke jingine da kunnenka: naɗar tallar rediyo, sautin fim, hayar kayan sauti a biki, gyaran muryar masu wa'azi da masu karatu, koyar da yara manhaja. Duk waɗannan suna ƙara maka suna a abin da aka san ka da shi. Idan kuwa kana da iyali a wuyanka kuma ɗakin ba ya ciyar da su, ka kama wata sana'ar da rana ba tare da jin kunya ba, ka bar dare ga kiɗa. Na san masu haɗa kiɗa na ƙwarai da ke da shago a kasuwa.

Kiɗan da ka fi alfahari da shi cikin waɗanda ka yi a bana, ka buɗe shi yau da dare, ka kashe komai sai ganga da bes da murya. Ka tura shi a wayarka, ka saurara ta sifikar wayar, ka saurara a motar wani, ka ba mai shayin unguwarku ya kunna a 'yar sifikarsa kana tsaye daga nesa. Inda muryar ta ɓace, ka rubuta minti da daƙiƙar, ka turo mini tare da kiɗan, mu duba abin da ke danne ta.